Almajirin Gwani: Lacca Kan Koyon Zanen Mutane a Lambu Ta Hanyar Kwaikwayo

 

An ce in yi magana a kan yadda ake koyon zanen mutane a cikin lambu ta hanyar kwaikwayon aikin wani gwani. Na san da jin haka akwai mutum biyu a nan da hankalinsu bai kwanta ba. Na farko malami ne, yana cewa a ransa: zanen mai rai kuma, a Birnin Shehu? Na biyu saurayi ne da ya ɗan taɓa makarantar zane, an cusa masa cewa kwaikwayo aikin rago ne, mai basira daga kansa yake fito da abu. Bari in fara ba Malam haƙƙinsa a gajarce, saurayin nan kuwa da shi za mu daɗe.

Allah ya gafarta Malam, hadisan da suka gargaɗi masu yin surori sanannu ne, suna cikin Buhari da Muslim, har da wanda Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai wannan sana'a da ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. A Malikiyyar da muka tashi a kanta, malamai irin su Shehu Dardir, a sharhinsa na Muhtasar, sun rarrabe. Abin da suka haramta shi ne surar mai rai cikakkiya, mai jiki, mai inuwa, irin gunki. Wadda aka shimfiɗa a takarda ko bango ba su kai ta ga haram ba, sun tsaya a karhanci ko barin abin da ya fi. Akwai malaman da suka tsananta fiye da haka. Ni mai zane ne, fatawa ba tawa ba ce, kowa ya tambayi malaminsa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, mafi yawan abin da zan faɗa game da haske da inuwa da tazara zai yi masa amfani ko da itatuwa da fangali kaɗai zai zana.

To, kai samari, mai cewa kwaikwayo kasawa ce, da me ka fara riƙe alƙalami? A makarantar allo Malam ne yake rubutawa, yaro ya bi da ido da yatsa, ya biya, ya wanke. In hannunsa ya ɗan faɗa, a bar shi ya rubuta da kansa yana duban takarda. In ya yi nisa ya shiga satu, ya rubuta da ka, ya kai wa gwani ya duba masa wasali da ɗigo. Sai bayan shekaru a ce wane ya rubuta Alƙur'ani, izu sittin, baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da rawaya. Nassin ɗaya ne, ba mai ikon ƙara ɗigo ko ragewa. Amma ka ajiye wa masani rubutu biyu, kafin ya karanta layi guda zai ce maka wannan hannun Barno ne, wannan na Kano. Wanda ya san Alƙur'anin da Sharu Bala Gabari na Kano ya rubuta, wanda aka buga ya shiga kasuwannin Arewa, zai gane shi ko a cikin tsibi. Ba wanda ya zaunar da waɗannan mutane ya ce su bambanta. Sun yi ta bin hannun malamansu ne har nasu ya fito. Tsoron da samari suke yi, wai in sun kwaikwayi wani nasu zai ɓace, tsoron banza ne. Hannu ba ya ɓuya.

Wannan gari ma da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, da me iliminsa ya bazu? Littattafan Shehu Usmanu da na ƙanensa Abdullahi da na Bello, ba injin ɗab'i ne ya kai su Kano da Zazzau da Adamawa ba, ɗalibai ne suka zauna suka juye su da hannu. Wanda yake son gani ya je gidan tarihi na Waziri Junaidu, ya nemi a nuna masa. Ya duba ƙarshen littafi, sau da yawa zai tarar mai juyawa ya ambaci mawallafi, ya faɗi sunansa shi ma, ya roƙi addu'ar mai karatu. Bai ce shi ya wallafa ba. Malam Abdullahi kuwa littafi guda ya yi, Ida'un Nusukh, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Wannan ladabi shi nake so mu ɗauka tun kafin mu taɓa buroshi: duk zanen da ka kwaikwaya, ka rubuta sunan mai shi a jiki. In ka ɓoye, ka sayar a matsayin naka, sunan abin sata. Gidan tarihi na Louvre a Faris, wanda aka buɗe a 1793, har yau yana ba masu zane izinin zama gaban manyan ayyuka su kwafa, amma da sharaɗin kada girman kwafin ya yi daidai da na asali, don kada a wayi gari an damfari wani.

Akwai kuma wani mataki da mawaƙanmu suka sani, wato tahamisi. Gwani ya yi baiti mai ɗango biyu, wani ya zo ya ɗora ɗango uku a kan kowane baiti, da ma'auninsa da tafiyarsa, su zama biyar. Ishiriniyar Alfazazi da ake rerawa a zaurukanmu da tahamisin Ibnu Muhibbi muka san ta. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi nan gaba.

A fannin zane ma haka abin yake a ko'ina. A fadar sarakunan Mughal na Indiya, a shekarar 1600, wani yaro Musulmi mai suna Abul Hasan, bai wuce shekara goma sha uku ba, ya sami wani zanen Bajamushe Albrecht Dürer na 1511, ya zare mutum ɗaya daga ciki ya kwafe shi, har da karyewar tufafinsa. Takardar tana nan a Oxford. Yaron nan shi ne daga baya Sarki Jahangir ya yi wa laƙabi da Nadiruz Zaman.

Amma zanen da na zo da shi yau, wanda kuke gani a jingine, na wani Baholande ne, Vincent van Gogh. An haife shi a 1853, ya rasu a 1890, kuma shekarun da ya yi yana zane ba su wuce goma ba. Ya fara ne da kwafe-kwafen littattafan koyon zane da ayyukan wani Bafaranshe, Jean-François Millet, wanda ya shahara da zanen manoma. Abin mamaki, a shekarar ƙarshe ta rayuwarsa, bayan ya gama zama gwanin kansa, sai ya koma ga kwaikwayo. Lokacin yana jinyar taɓin hankali a wani asibiti a garin Saint-Rémy, kudancin Faransa, ga sanyi, ga ƙarancin mutanen da za su tsaya masa ya zana. Tsakanin ƙarshen 1889 da farkon 1890 ya kwafi ayyukan Millet guda 21. Ƙanensa Theo ne yake aiko masa da hotunansu daga Faris, marasa launi, fari da baƙi. Wannan da ke jingine ɗaya ne daga cikinsu, na watan Janairun 1890, asalinsa yana gidan tarihi na Metropolitan a birnin New York, faɗinsa bai kai mita guda ba.

Ku dube shi da kyau. Lambu ne na talaka a bayan gida. A hagu ga magidanci, ya yar da shebur a ƙasa, baro na bayansa, ya durƙusa a gwiwa ɗaya ya miƙa hannuwa biyu. A dama ga uwa ta sunkuya, tana tallafe da ɗiyarta da ke koyon tafiya, ɗiyar ita ma ta miƙo hannu. Bayansu ga shinge an shanya wanki, ga itace, ga gida. Shi ke nan. Millet ya yi nasa wajen 1858. Van Gogh bai kawar da mutum ko ɗaya daga gurbinsa ba. Ya ja layuka a kan hoton, gida-gida kamar gurabun dara, ya ja irinsu a kan ƙyallensa, ya juye abin da ke kowane gida. Launin kuwa nasa ne tsaf, shuɗi da kore da ruwan ƙwai, da bugun buroshinsa gajeru masu lanƙwasa. A watan da ya yi shi matar Theo tana da tsohon ciki, ta haihu ranar 31 ga watan. Ban ce wannan ne dalilin zanen ba, amma ni dai ba na iya kallonsa in manta da haka.

Yanzu tambayar da ta tara mu. Don me za ka kwaikwayi wannan, alhali ga waya a aljihunka, ka ɗauki hoton mai lambu ka zauna ka zana? Ina ganin samarinmu da yawa a intanet suna kwafe hoton gwamna ko amarya da fensir, gashi ɗaya-ɗaya, mutane na ta sambarka. Haƙurinsu ya cancanci yabo, kuma abinci ne, ba na raina neman halak. Amma in gaya muku gaskiya, kyamara ba ta zaɓe. Duk abin da ya shiga idonta ta kwashe, ganye dubu, tsakuwa dubu, leda da kashin awaki. Wanda ya kwafi hoto yana koyon haƙuri da saitin hannu. Wanda ya kwafi gwani yana koyon abin da gwanin ya bari. Ku matso ku dubi fuskar magidancin nan: kusan babu ido, babu baki. Fuskar uwar ma a sunkuye take. Duk da haka ba wanda zai ce bai ga murna ba. Ina take? Tana cikin miƙewar hannuwa, da shebur ɗin da aka yar, da filin nan da ba kowa tsakanin yatsun uba da na ɗiya. Millet ya san in ya cika fuska da bayani, ido zai tsaya a can, ya manta da tazarar. Ba za ka gane haka da kallo kawai ba. Sai ranar da ka kwafa, hannunka ya matso da uban kusa da ɗan yatsa guda, ka ga zanen ya mutu, sannan za ka san dalilin da ya sa aka ajiye shi inda aka ajiye shi.

Ga yadda nake so ku yi. Ku zaɓi zane ɗaya, ku zauna da shi. Kada ku yi aiki daga fuskar waya, ta yi ƙanƙanta, kuma haskenta na ruɗi. Ku kai shagon kwamfuta a buga muku a takarda babba, kuma karon farko a buga shi fari da baƙi, yadda Van Gogh ya samu nasa. Launi yana ɗauke hankalin ɗan koyo kafin ya fahimci nauyin haske da duhu. Ku ƙanƙance ido har zanen ya dushe, za ku ga ya rabu gida uku ko huɗu: wuri mafi haske, wuri mafi duhu, da na tsakani. Waɗannan za ku fara shimfiɗawa da gawayi, tun ba a kai ga mutum ba. Gawayin murhu ya isa, bayan kwalin kalanda ya isa. Layukan gida-gida ba laifi a karon farko, amma kada su zama ɗabi'a. A karo na biyu ku auna da ido, da fensir a miƙaƙƙen hannu.

In an zo ga mutanen, ma'auni kai ne. Baligi a tsaye tsawonsa kusan kai bakwai ne zuwa bakwai da rabi, yaro mai tata kuwa wajen kai huɗu. Wanda bai san haka ba sai ya zana ƙaramin dattijo ya ce jariri ne. In fili shimfiɗaɗɗe ne, kai ma kana tsaye, to kawunan mutanen da ke tsaye kusan a layi ɗaya suke faɗawa, na kusa da na nesa; ƙafafunsu ne suke hawa sama a takarda gwargwadon nisansu. Wannan ƙa'ida guda za ta gyara rabin zanen bangon da nake gani a shagunan aski.

Babbar cutar ɗan koyo kuwa, kuma a kanta nake son in ɗan tsaya, ita ce ya gama lambu tsaf, sannan ya zo ya manna mutum a kai. Sai ka ga mutumin yana shawagi, ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba, haskensa daban da na itatuwa. Dubi yadda gwanin nan ya yi. Shuɗin da ke rigar uwa shi ne a tufafin uba, shi ne a cikin inuwa, har cikin ganye ya watsa shi. Koren ƙasa ya hau jikin mutanen. Bakin rigar uwar ya nutse cikin shuka, ba a ga inda ƙafarta ta ƙare ba. Mutum a lambu yana shan hasken da lambun yake sha, ganye yana mayar masa da kore a haɓa da ƙarƙashin hannu, ƙasa tana mayar masa da nata. Don haka mutum da lambu tare ake ɗaga su, launin da ka ɗebo don wannan ka taɓa wa wancan kafin ka wanke buroshi. Kuma duk inda ƙafa ko gwiwa ta taɓa ƙasa, a sami ɗan duhu a ƙarƙashi, komai ƙanƙantarsa.

In kun gama, ku kife hoton, ku kife kwafinku, ku ɗauki sabuwar takarda ku zana da ka. Satu ke nan. Sannan ku buɗe ku gwada. Duk abin da kuka manta, shi ne ba ku fahimta ba tun farko. Wani zai tarar ya manta shinge, sai ya lura ashe shingen ne yake jan ido daga uba zuwa uwa. Ku kai wa wanda ya fi ku ya duba, ko da ba mai zane ba ne. Tsohon baduku da ya shekara arba'in yana ɗora ado a fata yana da idon da zai ce maka nan ya yi nauyi, nan ya yi fayau.

Sai dai kwaikwayo yana da ramin da ake faɗawa, kuma tarihin ƙasar nan ya nuna shi. Aina Onabolu, mutumin Ijebu Ode da aka haifa a 1882, wanda ake ɗauka uban zanen zamani a Nijeriya, da kwafe hotunan littattafai da mujallun Turawa ya koya wa kansa, kafin ya tafi Landan karatu a 1920. Ya yi haka ne a zamanin da Turawa ke cewa baƙar fata ba zai iya irin zanensu ba, ya kuwa ƙaryata su. A 1927 aka kawo wani Bature malamin zane, Kenneth Murray, shi kuma ya ce wa ɗalibansa su bar bin Turai, su zana rayuwar ƙauyukansu. Ben Enwonwu ɗalibinsa ne. Jayayyar nan ba ta mutu ba har 1958, lokacin da wasu ɗaliban kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu. Matsayarsu ita ce a karɓi dabarar baƙo, a haɗa da abin gida. Uche Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, wanda mahaifiyarsa ta iya. A ganina kowanne cikinsu ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma Onabolu na fi tausaya wa in ana sukarsa, don masu sukar sun sami hanya ce a share.

Ramin shi ne ka kwafi gwani har ka ɗauko masa yanayin ƙasarsa. Na sha ganin zanen lambu a garin nan da itacen Turai, da hasken Turai mai laushi, da inuwa doguwa da tsakar rana. Ranarmu ba haka take ba. Da azahar inuwar mutum tana taruwa ne a ƙarƙashinsa, gajera, baƙa, mai kaifin baki. Da hunturu ƙura tana cinye nesa, itacen da ke taku ɗari sai ya koma toka-toka. Farar riga a inuwar dogon yaro ba fara ba ce, tana ɗaukar shuɗi da kore. Baƙar fata kuwa ba a yin ta da baƙin fenti. Akwai ja a ciki, akwai shuɗin sama a goshi da kafaɗa in gumi ya fito. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, saɓanin sauran itatuwa. Millet bai san gawo ba, ba zai koya maka wannan ba.

Nan tahamisi ya shigo. Riƙe ɗango biyu na gwani, wato tsarinsa: babba a hagu ya miƙa hannu, babba a dama ta tallafe yaro, fili a tsakani, wani abu a kwance a baya yana haɗa su. Sauran ukun naka ne. Mutuminmu ba ya durƙusawa a gwiwa ɗaya, tsugunawa yake a kan dugadugansa, kuma wannan ya sauya nauyin jikin gaba ɗaya, dole ka sake auna tazarar. Abin da zai yar fartanya ce ko bokitin ban-ruwa. Mai tallafe yaron a lambun fadama da wuya ta zama uwar, ta fi zama yayarsa da ta kawo wa baba fura, ko kaka. Shingen na kara ne ko ƙaya. Ƙasar an yanka ta fangali-fangali, da albasa da tattasai da latas, ruwa na bin kwalbatin ƙasa daga bakin injin.

Waɗannan kuwa ba sai an bugo su daga intanet ba. Ƙofar nan da muke zaune a bakinta, mai sunan garin Kware, hanyarta gulbi ta nufa. Da rani fadamar Rima cike take da masu lambu, haka Kwalkwalawa a kan hanyar jami'a. Ku tafi da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da inuwa take da tsawon da za a iya aiki da ita. Ku ɗauki ƙaramin littafi da fensir, ku bar fenti a gida tukuna. Mai ban-ruwa ba zai tsaya muku ba, don haka ku koyi kama sunkuyonsa da layi biyar ko shida kafin ya miƙe, in ya miƙe ku jira, zai sake sunkuyawa. Ku yi sallama, ku gaida mutane da aiki, ku faɗi abin da ya kawo ku, don baƙo mai littafi da alƙalami a gonar mutum ana iya ɗaukarsa ma'aikacin filaye ko na haraji. Kada ku zana matar kowa ko 'yarsa sai da izini. Wanda ya ce a'a, ku yi masa godiya ku matsa gaba. Wanda ya yarda, ku nuna masa abin da kuka zana kafin ku tafi, ku saurari gyaransa, don shi ya san yadda ake riƙe fartanya, kuma in da hali ku sayi albasarsa.

Na buga kwafin wannan zane fari da baƙi, suna nan a kan tebur, duk ɗalibin da ke so ya ɗauki ɗaya in an tashi. Malamai, in na yi kuskure a abin da ya shafi fanninku, a gyara mini.